Ƙafar Baturiya a Wurin Alwala

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta tsakiyar sanyi a London ba, kuma ko na so in manta, dangin matata ba za su bar ni ba. Ga ni yau da furfura har a gira, jikoki na hawa kaina, amma da an taru a gidan suna ko biki sai wata tsohuwa cikin ƙannen matata ta leƙo ta ce, "Ina Mai Safa? Ya iso kuwa?" Yara su yi ta dariya ba su san mafarin sunan ba. Gara in ba da labarin da bakina, tunda duk wanda ya bayar sai ya ƙara masa gishiri.

A ƙarshen shekarun saba'in ne, zamanin da kuɗin man fetur ya yi wa gwamnati yawa har ta riƙa kwasar mu tana turawa ƙasashen waje karatu. Ni aikin safiyo aka turo ni in koya. Na kama ɗaki a Woolwich, a wani gidan sama mai warin gas da dafaffen kabeji. Maƙwabcin ɗakina shi ne Bulus, mutumin Jos, Kirista, wanda ya riga ni zuwa da daɗewa. Shi ya koya min hawa tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, ba tare da na ɓata ba, shi ya nuna min mahaucin da ke sayar da naman halal, duk da shi ba ruwansa da wanda ya yanka. A wajena a lokacin, duk abin da Bulus ya faɗa game da London ya zauna. (Ku riƙe wannan, daga nan na fara zamewa.)

Kafin in taho na bar magana a Kano. Akwai Hajara, malamar firamare a unguwarmu, wadda muka fahimci juna, har manyana suka je suka gaisa da nata. Mahaifinta bai ce a'a ba, bai kuma ce e ba. Cewa ya yi yaron da ya tafi Turai ba a san da wace kama zai dawo ba, don ya ga waɗanda suka dawo da kwalba, ya ga waɗanda suka dawo da Baturiya, ya ga waɗanda suka baro sallarsu a can. Don haka a dakata a yi bincike. Na yi ta murna a raina, ina cewa wa zai biyo ni har London bincike. Na manta zamanin da muke ciki. A shekarun nan duk wani babban ma'aikaci sai an turo shi kwas, kuma Baffa Inuwa, ƙanen mahaifin Hajara, wanda shi ne zai ba da aurenta, babban ma'aikaci ne a Kaduna.

Bari in gaya muku wasan da ya jawo min. A ajinmu akwai wani Bature mai suna Martin, dogo mai gashi har kafaɗa, wanda ya je hutu Amurka ya dawo da wani faifan roba da ake wurgawa ya yi ta shawagi a iska. Ya ce golf ake yi da shi, amma ba sanda ba ƙwallo. Za a zaɓi wata bishiya can nesa, ko turken fitila, ko kwandon shara, kowa ya wurga faifansa. Inda ya faɗi, daga nan za ka sake wurgawa, har ka bugi abin da aka zaɓa, kuma wanda ya buga da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. Na ji jikana na cewa yanzu har kwanduna masu sarƙa ake kafawa don wasan, amma mu a lokacin bishiyoyin filin shaƙatawa na Regent's Park ne suka sha wuya a hannunmu. Duk Asabar muke haɗuwa. Abin ya zo min daidai, don na taso ina wurga murfin kwanon mahaifiyata ina shan duka a kai, ashe horo nake yi ban sani ba. Ga kuma wani sabon masallaci a gefen filin, in azahar ta yi sai in tsallaka in yi sallata.

A lokacin zafinsu ba wanda ke kama ƙafata a wasan. Sai sanyi ya shigo, irin wanda ciyawa ke wayar gari fari fat tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi, faifan ma ya yi tauri, in ya bugi yatsanka ka ji har cikin kanka. Asabar ta farko na ɗauki abin da yaƙi. Duk abin da kuɗin kayan sanyin gwamnati ya saya min sai da na ɗora a jikina: singileti, rigar barci, suwaita a kan suwaita, kwat, sannan wata ƙatuwar kwat mai nauyi har gwiwa, wando a kan wando, ga safar hannu mai kauri. Na iso fili ina tafiya kamar buhun gero da aka yi wa ƙafafu. Da na zo jifa, hannuna ya ƙi lanƙwasuwa, ƙuguna ya ƙi juyawa, faifan ya zame daga safar hannu ya faɗi a kan takalmina. Martin ya yi dariya har ya zauna a kan ciyawa. Da ya huce ya ce ba a wasan nan da kaya masu nauyi. A sa marasa kauri bisa juna, a bar kafaɗa ta sake, hannun jifa kuma a bar shi ba safa, a riƙa ɓoye shi a aljihu tsakanin jifa da jifa.

Asabar ta biye na bi shawararsa har na wuce gona da iri. Sama ta yi daidai, amma ƙasa wando ɗaya tal na bari. Iska ta riƙa shiga ta ƙafar wandon tana yawo inda ta ga dama. Ba mu yi nisa ba na daina jin gwiwoyina. Na koma gida na rungume hita ina rawar ɗari, haƙorana na haɗuwa.

A haka Bulus ya same ni. Ya tsaya a bakin ƙofa da kofin shayi ya ƙare min kallo.

"Mallam, kai kana wahalar da kanka," ya ce. "Akwai secret. Amma in na gaya maka, kar ka yi shouting."

Na ce ya faɗa, ko mene ne. Ya rufe ƙofa, ya ajiye kofin, ya ɗaga ƙafar wandonsa.

"Tights," ya ce. "Na mata. Duk masu kai wasiƙa da 'yan kasuwan da kake gani tsaye a waje tun asuba, shi ne a ƙarƙashin wandonsu. Ba nauyi, ba ya hana ka motsi, sanyi kuma ba ya wucewa."

Na yi salati na ce, "Bulus, kayan mata? Ni? Allah ya kiyaye."

"To, zauna da hita ɗinka. Shekara nawa ina sawa, wa ya taɓa ɗaga wandona ya duba?"

Ga wanda bai sani ba, tayit wata safa ce ta nailan, shara-shara, wadda ba ta tsayawa a ƙwauri. Tun daga yatsun ƙafa take tafiya har ƙugu, ƙafa biyu a haɗe, matan Turawa ke sa ta a ƙarƙashin siket. Tambayar Bulus ta yi ta min yawo a kai. Gaskiya ne, wa zai ɗaga wandona? Abin da Bulus bai tuna ba shi ne, shi ba ya alwala. Ƙafarsa daga wankan safe sai na gobe, ba mai neman ganinta. Ni kuwa na tuna sarai, amma na ɗauka na fi abin wayo.

Na je kasuwar Woolwich na yi ta zagaye teburin wata tsohuwar Baturiya, ina taɓa tawul ina taɓa hankici. Da ta gaji da ni ta ce, "For the wife, love?" wato ko matata zan saya wa. Na gyaɗa kai da sauri. (Ƙarya ke nan tun ba a je ko'ina ba, ga shi ko auren ba a ba ni ba.) Ta tambaye ni tsawon matar, na nuna daidai kaina, ta ɗaga gira ta ce lallai na yi dacen doguwar mace. Ta tambayi kala, na ce kowace iri. Ta miƙo min wadda ta fi tafiya a kasuwa, kalar fatar Baturiyar da ta ɗan sha rana. Ban damu ba, tunda ba mai gani.

Kuma wallahi abin ya yi aiki. Na tsara dabarata tsaf: in yi alwala a gida da safe, in sa tayit, in ɗora wando, in rufe ƙafa da safar ulu mai kauri, in ƙi shan komai. Da yake rana ba ta daɗewa a lokacin sanyi, alwala ɗaya sai ta kai ni azahar har la'asar, in shiga masallaci da safar uluna kamar kowa. Ƙafafuna suka yi ɗumi, jikina ya sake, na koma cinye Martin. Har na fara kallon sauran 'yan wasan da tausayi, ina ganin suna bubbuga ƙafa a ƙasa.

Ana cikin haka saƙo ya iso cewa Baffa Inuwa ya sauka, yana wani otal kusa da Baker Street, yana kuma nemana. Na je na same shi zaune a tsakiyar tsarabar da ya fara tarawa daga Oxford Street. Gajeren mutum ne mai ɗan gemu da tabarau, ba ya yawan magana, in kana bayani sai ya lumshe ido har ka ɗauka ya yi barci, sai ka ji ya jefo tambaya daidai inda ka so ka tsallake. Ya tambaye ni karatu, ya tambayi abin da nake ci da inda nake Juma'a. Sannan ya ce, "Ranar hutu fa, me kake yi, kuma da su wa?"

Na gaya masa gaskiya, na yi masa bayanin faifan da bishiyoyin.

"To," ya ce. "Asabar zan zo in ga wasan, in ga abokan naka. Daga nan mu yi azahar tare."

Ba sai an fassara min ba, na san wannan shi ne binciken, kuma abin da mutumin nan ya koma ya faɗa a Kano shi zai ba ni Hajara ko ya hana ni. Na je na roƙi Martin ya ɗaure gashinsa, kar kuma wani ya ambaci mashaya a gaban baƙona. Da safen Asabar na tsaya da tayit a hannu ina shawara da kaina. Hankali ya ce in bar ta yau kawai. Na leƙa taga na ga motoci duk ƙanƙara ta lulluɓe su, na hango kaina ina karkarwa a gaban Baffa, faifai na faɗuwa a kan takalmina. Ina so ya ga jarumi. Na yi alwala, na zura ta.

A ƙofar filin na tarar da shi, da ƙatuwar kwat a kan kaftani, hula zanna a ka, ya rungumo wani fulas mai girman tulu. Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, Turawa na ratse mu suna waiwaye. Martin ya zo da gashinsa a ɗaure ya sunkuya ya ce, "Sannu," kamar yadda na koya masa. Baffa ya amsa, na ga alamar abin ya yi masa daɗi. Sai ya kwance murfin fulas ɗin ya cika shi ya miƙo min.

"Na sa an dafa mana shayi a otal, da citta da kanumfarin da na taho da su. Sha, samari, sanyin nan ba na wasa ba ne."

Ku gaya min, wane ɗan Hausa ne surukinsa zai miƙo masa abu da hannunsa ya ce ba ya sha? Na karɓa da hannu biyu na shanye. Muka buga bishiya ta farko, ya sake cikawa. Muka buga turken fitila, ya sake. Na ce, "Baffa, na ƙoshi, Allah ya saka da alheri."

"Ana ƙoshi da shayi ne? Karɓi."

Ranar na yi wasan da ban taɓa yi ba. Faifaina ya riƙa lanƙwasa yana zagaye bishiyoyi yana sauka inda na aike shi. Baffa na biye da mu da fulas, yana tambayar Martin abin da ubansa ke yi. Har ya ce a ba shi ya gwada, ya wurga, faifan ya yi hanyar tafki ya tarwatsa agwagi. A nan na fara jin dariyarsa. Raina ya yi fari, na ce shi ke nan, Hajara ta zama tawa.

Sai dai sanyi da shayi in suka haɗu a cikin mutum, kowa ya san inda suke nufa. Na daure, na matse, na koma jifa ƙafafuna a harɗe. Baffa ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Samari, je ka kama ruwa. Ba na son ganin mutum yana rawa ba kiɗa." Shi da kansa ya raka ni bayin da ke cikin filin, ya karɓi kwat ɗina ya tsaya a bakin ƙofa. Alwalata ta tafi ke nan, kuma a gaban shaida.

Na san abin da za ku ce: me ya hana ni cire ta a can ciki? Na yi tunanin haka. Amma ƙasan wurin a jiƙe yake, yatsuna sun sandare sun kasa kwance igiyar takalmi, Baffa kuma na ƙwanƙwasa ƙofa yana cewa lokaci na tafiya. Na ce in mun isa masallaci zan faki idonsa in shige bayi in gama da ita. Muka yi sallama da su Martin muka kama hanya. Muna cikin tafiya sai ya riƙe min hannu ya ce, "Af, Hajara ta ce in gaishe ka." Tunda ya zo bai taɓa ambatar sunanta ba sai a lokacin. Kaina ya kumbura, na riƙa jin kamar ba a ƙasa nake tafiya ba, duk wata dabara ta fice min daga kai. Haka na bi shi zugui-zugui har wurin alwala.

Wurin yana da 'yan kujeru a jere a gaban famfuna, kuma ya cika, don an kusa tayar da salla. Baffa ya zauna a damana, ya cire tabarau ya sa a aljihu. A haguna wani Balarabe ne. Na wanke hannu, na kurkure baki, na wanke fuska, ina ta tsanaki don Baffa ya ga yaron da ya yi karatu a gida. Na shafi kai da kunne. Balaraben nan ya jiƙa hannu ya shafa a kan safarsa ya tashi abinsa, na ji Baffa ya bi shi da ɗan ƙaramin tsaki. Na kwance takalmi, na zura yatsa a bakin safar ulu zan cire, sai na ji santsi. Sai a lokacin na tuna da tayit.

Cikin ƙiftawar ido na auna abin da ya rage min. Zan iya barin safar ulun in shafa a kai yadda Balaraben ya yi, ba wanda zai ga komai. Amma a karatun da muka tashi da shi ba a shafa sai a kan huffin fata, ga tsakin Baffa bai gama fita daga kunnena ba. Zan iya tashi in nufi bayi, amma layi ne a ƙofar, kuma me zan ce ya tashe ni da rabin alwala? Sai wata dabara ta zo min, irin wadda ke zuwa wa mutum in Allah ya so tona masa asiri. Na ce ai abin nan shara-shara ne, in juya wa Baffa baya kaɗan, in yage bakin yatsun da farce, in naɗe shi sama cikin wando, in wanke ƙafata.

Na karkata, na zare safar ulu. Ni kaina sai da na firgita da abin da na gani. A ƙarshen wandona, ga wata ƙafa fara sumul, ba gashi ba kaushi, yatsu a manne, da ɗan ɗinki a bakinsu. Na tsunkuli bakin da farce, ashe na yanke farcen saboda zuwan Baffa. Na ja. Abin ya biyo ni. Na ƙara ja, ya ƙara biyowa. Na sa hannu biyu na ja har ƙirjina, ko alamar yagewa bai yi ba, sai ƙara tsawo yake. Yatsuna a jiƙe suke, ya kuɓuce, ya koma ya daki ƙafata, ɗas! Ƙarar ta cika wurin.

Duk famfunan da ke kusa aka daina motsi. Wani tsoho ɗan Pakistan da ke tsaye a bayana yana jiran kujera ya ce, "Astagfirullah," ya koma wani layin. Baffa ya laluba aljihu a hankali, ya ciro tabarau, ya goge, ya saka, ya sunkuyo. Ya daɗe yana kallo.

"Samari," ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "ƙafar wa ka aro?"

"Tawa ce, Baffa." (Har yau in na tuna wannan amsar sai in ji haushin kaina. Kamar da ma akwai mai jayayya.)

"Safar a ina ta tsaya?"

Na nuna gwiwa. Ya kafe ni da ido. Na nuna cinya. Bai ɗauke idon ba. Na sunkuyar da kai na nuna ƙugu.

"Na san ta," ya ce. "Jiya na sayo wa Hajiyata irinta."

Na so ƙasa ta tsage in shige. A cikin sanyin nan gumi ya karyo min har yana ɗiga daga haɓata. Kunya ta taɓa kama ni a rayuwa kafin ranar, ta kuma kama ni bayanta, amma ban taɓa jin irin wadda ta sa na rasa inda zan ajiye idona da hannuna da ƙafata a lokaci ɗaya ba. Baffa ya sa hannu a aljihun kaftani ya ciro wata reza a naɗe a takarda, wadda yake yanke farce da ita, ya miƙo min ba tare da ya kalle ni ba.

"Ungo. Yi sauri, za a tayar."

Haka na zauna a gaban jama'a na yanke ƙafafun tayit daga idon sawu, ɗaya bayan ɗaya, na cusa guntayen a aljihu, na wanke ƙafafuna na gaskiya. Abin da ya rage ya zazzago daga ƙarƙashin wando yana reto, duk ya tsattsage. Na tura shi sama, ya sake zazzagowa. A haka na shiga sahu kusa da Baffa. Allah ya yafe min, ban san abin da na karanta a sallar nan ba, hankalina duk yana kan mutanen sahun baya da abin da suke gani in na yi sujada.

Da aka idar Baffa ya yi addu'arsa doguwa, ya tashi, ya ɗauki fulas ɗinsa ya ce, "Sai na neme ka." Ya nufi Baker Street bai waiwayo ba.

Da na ba Bulus labari ya yi dariya har ya riƙe bango, sai da ya ga fuskata ya tsaya. Ya ce, "Sorry, Mallam. Wallahi na manta kuna wanke ƙafa." Ban iya ko yi masa faɗa ba. A Kano, namijin da aka kama da kayan mata a jikinsa an san sunan da ake kiransa da shi, kuma ba a ba shi 'ya. Na daina zuwa wasa, abinci ya daina min daɗi. Na riƙa hango Baffa zaune a zauren yayansa yana bayani, ana salati, ana kiran Hajara a gaya mata ta haƙura. Abin da ya fi ci min rai shi ne ban sha giya ba, ban bi Baturiya ba, ban bar salla ba. Safa ce za ta raba ni da matar da nake so.

Ranar da zai koma ya aiko in zo in taya shi ɗaure kaya. Na je kamar mai zuwa karɓar hukunci. Ya bar ni na yi ta danne akwatuna ina ɗaurewa, yana zaune a bakin gado ya lumshe ido. Da na gama ya jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin matashi ya miƙo min ya ce in buɗe. Dogon wandon ciki ne na ulu, fari, mai kauri.

"Na tambayi Baturen kanti, ya ce wannan shi ne na maza," ya ce. "Duba ƙafar da kyau. A idon sawu ya tsaya."

Na ce na gode.

"Na ga lokacin da ka kalli Balaraben nan. Da ka shafa a kan safarka, da ban ga komai ba, kuma da wata magana daban zan kai gida." Ya gyara tabarau. "Ka riƙa sa wannan. Ba na so in sake jin mijin 'yata yana yanka kayan mata a masallaci."

Sai da maganar ta yi ɗan yawo a kaina kafin na ji abin da ya ce. Mijin 'yata. Na zube a ƙasa ina godiya, hawaye na zuba a kan wandon ulu. Da na ga fuskarsa a sake, na ce bari in roƙi arziki ɗaya.

"Baffa, don Allah, maganar safar nan ta tsaya tsakaninmu."

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Bincike aka aiko ni, samari. Amana ce. Duk abin da na gani sai na faɗa."

Kuma ya faɗa, bai rage ko zare ba. Da aka kawo gara bayan bikinmu, a ƙarƙashin buhun shinkafa na tarar da sabuwar tayit a ledarta, ƙannen Hajara na leƙe ta taga suna jiran in gani. Ita kuwa uwargidan, har yau in za mu yi tafiya sai ta tambaye ni ko in ta sa tata a akwati za ta same ta.

Baffa ya rasu yana yaba min a kan cewa na zaɓi kunya a kan in taɓa alwalata. Ban taɓa gyara masa ba, amma tsakanina da ku, har yanzu ban san ko tsoron Allah ne ya hana ni shafawa ba ko tsoron tsakinsa. Abin da na sani shi ne, tun daga ranar, duk wanda zai ba ni shawarar abin da zan sa don sanyi sai na fara tambayarsa ko yana alwala. Kuma ban sake sa wani abu a ƙarƙashin wando ba sai wanda zan iya yi wa surukina bayaninsa ina kallon idonsa.